Takalmin da Ba Ya Taka Titi

Talata, 4 ga Yuni, da hantsi

Mama Voula ta sake kawo miyar kaza mai lemun tsami. Tun da na dawo gida daga asibiti ba tare da jaririyar ba, kullum sai ta hau taragon cikin gari da tukunya a cinya, ta zo ta tsaya a kaina sai ta ga gindin kwano. Lokacin da na auri ɗanta Stelios ban taɓa zaton akwai ranar da zan riƙa kasa kunne ina jiran takunta a bakin ƙofa ba. Ta ce ba zan taka waje ba sai na yi arba'in, haka ake yi a garinsu can Girka. Na ce, "Mama, ai wannan dokar ba ta hau kaina ba." Ta ce, "Ta hau, 'yata. Abin da sauran mata suka yi, ke ma kin yi. Sha miyarki." Na sha. Na gode mata.

Takalman suna nan bayan ƙofa. Nawa ja mai gajeriyar dunduniya, nasa baƙi da fari. Ba wanda ya taɓa su. Mama tana share kewayensu ta bar su, kamar wata kyanwa ce ke barci a wurin.

Duk wanda ya taɓa zuwa rawar suwin, wadda mace da namiji ke yi riƙe da juna, ya san dokar: takalmin rawa ba ya taka titi. A jaka ake kawo shi, a bakin zaure ake sawa, a nan ake tuɓewa. Ƙasansa fata ce mai laushi, mai gashi-gashi, ita ke barin mutum ya sulale a kan katako ba tare da ya sha ƙasa ba. Ruwa ya taɓa ta, ta tashi aiki. Akwai ranar da Stelios ya goya ni daga zauren coci har mota don kada in taka tsakuwa, mutane suna ta yi mana tafi da shewa. A waccan Asabar ɗin kuwa, da ciwo ya taso mini a wurin rawa, da su muka fita zuwa asibiti, mu duka biyu, cikin ruwan sama. Yanzu fatar ta ƙandare kamar busasshen burodi, ga taɓo, ga 'yan tsakuwa a jikinta.

Ban shiga ɗakin baya da muka shirya wa jaririyar ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da sassafe

Motar shara ce ta tashe ni. Stelios ya manta bai fitar da kwandon ba, kamar kowace Alhamis tun da muka yi aure. Na ji ya zura tsohon kambas ɗinsa da ke lungun ƙofa, wanda ba ya sawa sai don wannan aikin, ya ja kwandon a guje yana ƙwala wa direba kira. A kwana ya cim musu. Na gode wa Allah da akwai abu ɗaya a gidan nan da bai canza ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da rana

Riga biyu na jiƙa yau da ruwan nono. Mama ta ciro ganyen kabeji daga firij ta miƙo mini in ɗora a ƙirji.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Ya shimfiɗa kafet a falo.

Stelios fa, wanda sana'arsa ke nan gyaran daɓen katako. Shi da ya durƙusa ya goge na falon nan da hannunsa, ya shafa masa mai, ya hana ni ajiye ko 'yar tabarma, wai "katako numfashi yake yi, Tam." A kan wannan daɓen muke gwada kowane sabon taku kafin mu kai shi gaban mutane. Yau ya shigo da wani kafet ruwan toka daga gidan Mama, ya rufe shi bango zuwa bango. Ya ce sanyi ya shigo, don a ƙasar nan Yuni ne hunturu. Na ce gaskiya ne.

Na koma kan 'yan littattafaina. A cikinsu in baƙin ciki ya kama namiji, sai ya hau doki cikin hadari, ko ya fasa kofi a bango, kafin a kai ƙarshen babi ya durƙusa ya amayar da abin da ke ransa. Nawa wanke-wanke yake yi. Yana haɗa mini shayi ya ajiye a kan tebur, ba a hannuna ba. In muka haɗu a hanyar kicin sai ya manne da bango in wuce, kamar ina ɗauke da tukunyar ruwan zafi. Hannun da ya saba sauka a bayana, a ƙasan kafaɗa inda ake riƙe mace a rawa, yana cikin aljihu.

Amma yana nan. Shayin ma da zuma ya sa. Na gode.

Juma'a, 14 ga Yuni, da la'asar

Merle ta zo. Ta kusa tamanin, amma har yanzu ita ke tsaron ƙofar zaure ranar rawa, tana ɗaga ƙafar kowa ta duba ƙasan takalminsa kamar mai sayen doki. Ta kawo kek ɗin kwakwa, wai ita ta gasa, ga takardar shago manne a gindinsa.

Tana shigowa idonta ya faɗa bayan ƙofa. Ta ɗauki nawa ta juya.

"Wane mara imanin ne ya yi wa takalmi haka? In na kama shi..."

Sai ta tuna. Ita ce ta riƙe mana ƙofa ran nan. Ta mayar da shi a hankali, ta ce, "Bakin nan nawa, Tamsin. Wata rana sai na kai an ɗinke shi."

Na yi dariya. Ta farko ke nan. Ta ja mini ciwo a ciki, amma na yi ta.

Mama Voula ta fito daga kicin da ludayi, ta ƙare wa Merle kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce shugabar masu wurgi da 'ya'yan mutane?"

"Ni ce, uwargida. Ke ma ki zo ran Asabar, mu nemo miki wani tsoho mai sauran gwiwa."

"Na binne ɗaya. Ya ishe ni."

"Ni ma na binne nawa. Shi ya sa nake aron na mutane, in an tashi in mayar."

Mama ta tofa wata magana da Girkanci ta koma ciki. Da ta dawo, yanka mafi girma ta sa wa Merle a faranti.

Merle ta kwashe labarin zaure ta zuba mini. Wani sabon zuwa ya faki idonta ya shiga da takalmin gudu mai roba, ya zo juyawa, ƙafa ta kafe a katako, gwiwa ta tafi ita kaɗai. Yanzu da sanda yake yawo. Wata kuma ta zo da sabon takalmi mai ƙasa sumul kamar madubi, ta sulale sai gindin mai ganga. "Na gaya musu har na gaji. Kada ya riƙe ki da yawa, kada ya sake ki da yawa. Ko mijin kirki ai haka yake."

Da za ta tafi ta tsaya tana kallon kafet. A ƙofa ta ce, "Ba cewa nake ku zo ba, 'yar nan. Amma tun da mijinki ya ɓace ba a sami wanda ya juya ni bai taka ni ba. Ki gaya masa yatsuna suna gaishe shi."

Ban gaya masa ba.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma

Mun koma wurin likita. Mama ta ce asibiti ba ya cikin lissafin fita. Da takalmina na gashin tunkiya na je, wanda nake yawo da shi a gida.

Likitar ta juya takardunta ta ce ba su ga abin da ya jawo rasuwar jaririyar ba. Ta ce ba abin da wani ya yi, ba abin da wani ya kasa yi. Ta faɗa mana haka tun a can, yau ta sake. Ina shirin miƙewa sai na ji muryar Stelios.

"Ko juyi? In an juya mutum a rawa."

Ta ajiye alƙalami. Ta ce, "Ni na ce mata ta ci gaba da rawarta muddin tana jin daɗi. Da yau za ta tambaye ni, haka zan sake ce mata."

Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa mai gida in ya ce a shafa fenti a kan katako mai kyau.

A mota rediyo ya kama, wani yana busa ƙaho, irin kiɗanmu. Ya kashe shi kafin a kai ƙarshen numfashi.

Ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan. Kiɗan ma mai sanyi ne a ranar. Ko juyin kirki bai yi mini ba, ya dai sake ni na tafi iyakar hannunsa, ya dawo da ni, kamar yadda muka yi sau dubu. Na so in faɗa masa haka a mota. Na buɗe baki, na ga yadda ya riƙe sitiyari, na ce a tsaya a sayi madara.

Abin da ya tafi ya tafi. Amma hannun nan ba zan yarda in rasa shi ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, da sassafe

Ya manta da shara. A kwana ya cim musu.

Litinin, 24 ga Yuni, da safe

Takalman ba sa bayan ƙofa. Duka.

Talata, 25 ga Yuni, da rana

Na duba kabad, na duba ƙarƙashin gado, na buɗe kwandon shara na tona da sanda. Na tambayi Mama, ta ce, "Ban gani ba. Zauna ki ci." Na san ba ta gani ba, don in tana ƙarya gishiri take ƙara wa miya.

Da a littafi ne, da na tare shi a ƙofa, gashina a warwatse, in ce ina ka kai su. Ni tawul na ninke. Na ninke su duka, na warware, na sake ninkewa.

Shi ya zaɓa mini jan nan. Ranar da na fara zuwa zaure, da wani dogon takalmi mai tsini na je, irin na matan da ke bangon littattafaina, don a zatona haka ake zuwa rawa. Merle ta hana ni shiga. Ina tsaye ina neman hanyar gudu sai wani mai ƙurar katako a gira ya ce, "Da wannan ai kisa za ki yi, ba rawa ba. Daɓen nan ni na gyara shi." Ya aro mini kambas ɗin wata, na yi rawa da shi kamar mai tafiya cikin kwale-kwale. Mako na zagayowa ya kai ni shago. Ya sa na yi ɗage, ya sa na murza ƙafa, ya danna babban yatsana ya ce dole ya sami wurin motsi amma kada dunduniya ta zame. Ni launin kawai nake kallo. Mai shagon ta tambaye mu yaushe ne bikin. Ko sunan mahaifina bai sani ba a lokacin.

Bai kamata ya zubar da su bai tambaye ni ba.

Ya dawo da lemu mai zaƙi, ya ɓare mini, ya ajiye a kan tebur. Na gode masa. Na ci.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Muna cin abinci mu uku, sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ƙwala kira, "Voula!" Cokali ya kuɓuce wa Stelios. Mama ba ta amsa ba sai a kira na uku.

A gidansu 'yar fari sunan kakarta take ci. Shi muka tanadar wa tamu.

Bayan sun fita na buɗe ƙofar ɗakin baya. Fentin rawaya ya bushe, warinsa ya tafi. Na tsaya a bakin ƙofa. Rana tana shiga ɗakin nan fiye da ko'ina a gidan, shi ya sa muka zaɓe shi.

Talata, 2 ga Yuli, da yamma

Miya. Gorar ruwan zafi a ƙafa. Littafin da na gama, sun yi aure a ƙarshe. Ban tambaye shi takalman ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, da la'asar

Arba'in ta cika, Mama ta kai ni coci. Fada ya tare mu a bakin ƙofa ya karanta addu'ar da ake yi wa mata a irin wannan ranar. Ya rage wurin da ake ambaton jariri, na lura. Hannuwana jaka suke riƙe da ita, ba jaririya ba. Mama ta saƙala nata hannun cikin nawa ta matse, har yanzu da shaidar zobenta.

Na yi zaton zan ji haushin al'adar nan. Sai na ji daɗi da aka tsaya a ƙofa saboda ni, aka kira abin da ya faru abu.

Takalmin fita ya matse ni tun daga gida. Baƙin nan da na yi shekara biyu ina sawa. A tarago na kwance igiyarsa. Mama ta kalli ƙafata, ta kalli taga.

Talata, 9 ga Yuli, da yamma

Merle ta zo ta ɗauke ni, wai rakiya zan yi mata shagon kayan rawa a cikin gari. Muna hawa bene ta tura ni kan benci ta ce wa mai shagon, "Auna ta."

Ta auna dama, ta auna hagu. "Rabin lamba ya ƙaru a kan abin da kika ce. Ta kuma yi faɗi."

Na ce kumburi ne, zai sauka.

"Ba zai sauka ba, 'yar nan," in ji Merle. "Ni haihuwa uku na yi, kowanne ya bar mini nasa. Da ƙafar tsuntsuwa na yi aure, dube ni yanzu, agwagwa. Ba ya komawa. Naki ne har abada."

Na zauna ina kallon ƙafata cikin safa. Na fito daga asibitin nan ina ganin ba a bar mini komai ba. Ashe tun ran nan ina tafe a kansa.

Mai shagon ta tafi neman wani abu a ciki, ta daɗe ba ta samo ba. Merle ta ba ni hankicinta mai warin minti ta ce kada in fyace a ciki, na Lahadi ne. Ban san ko kuka na yi ko dariya ba. Na gode. Na gode, na gode.

Da na dawo hayyacina suka fara jero mini takalma. Akwai wani ruwan azurfa mai siririn maɗauri, wanda da a bara ne ko tambayar lamba ba zan yi ba. Na sa, na miƙe, dunduniyar ta tura ni gaba kamar ana ingiza ni. Merle ta ce, "Kyau dai ya yi. Amma a ina za ki fara rawar, kuma da wa?" Na ce a falo, in Allah ya yarda. Ta ce, "To me za ki yi da azurfa?"

Na ce ina son wanda zan ji ƙasa da shi. A ƙarshe farin kambas na ɗauka, shimfiɗaɗɗe, mai igiya, wanda yatsuna suka baje a ciki suka huta. Ƙasansa roba ce, don haka na sayi fallen fata mai laushi da gam, in manna da kaina kamar yadda rabin mutanen zaure suke yi. Merle ta ce akwai haɗaɗɗe, me zai sa in wahala. Na ce hannuna yana son aiki.

Na tura su ƙarƙashin gado. Ban san yadda ake manna fata a takalmi ana kallon kafet ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, da yamma

Ya dawo da wuri, da kwali a hammata. Ya ajiye a kan tebur, ya ja baya.

Jan takalmina ne. An goge shi yana ƙyalli, an kankare matacciyar fatar, an sa sabuwa, gefenta a yanke tsaf. Ashe a motar aikinsa yake, lokacin cin abincin rana yake zama a kansa.

"Ki koma, Tam," ya ce. "Rawa taki ce. Merle za ta samo miki wanda zai riƙe ki da kyau."

"Naka fa?"

"Na jefa a bola a wurin aiki."

Na zauna na zura ƙafa, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Yatsu suka shiga, dunduniya ta ƙi. Na danna, ta ƙi. Na ga jini ya bar fuskarsa.

"Na ɓata shi. Ruwan ne ya tsuke shi, ko gam ɗin da na sa. Ni duk abin da na taɓa..."

"Stel."

"Bari in kai a buɗa shi, akwai wani mutum a..."

"Stel, ba takalmin ba ne. Ƙafar ce." Na kamo hannunsa daga aljihu, da ƙarfi, na ɗora a kanta. "Voula ce. Ita ta bar mini. Merle ta ce ba ya komawa."

Ba wanda ya taɓa kiran sunan a gidan nan da nufin 'yarmu, sai yau.

Ya durƙusa. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, yana bin gefenta da babban yatsa kamar yadda yake bin katako in yana neman inda ya tashi. Ya daɗe. Kafaɗunsa suna rawa. Na sa hannu a gashinsa, ƙura ta tashi.

"Har da faɗi," ya ce.

"Har da faɗi."

"Ƙafar gidanmu ke nan. Kin ga ta Mama? Kamar faranti."

Muka yi dariya mai majina, mu biyu a ƙasa a kan kafet ɗin nan mai muni. Ba a rubuta irin wannan a littattafaina. Gwara haka.

Daga baya shi ya ɗauki jan takalmin, ni na buɗe ƙofar, muka shiga ɗakin baya tare. Muka ajiye shi a kan kanta inda rana ke sauka.

Da muka fito ya ce, "Amma rawar, Tam, ba zan iya ba. Kada ki roƙe ni."

Ban roƙe shi ba.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Na farka hannunsa a bayana. Kafet yana nan.

Talata, 16 ga Yuli, da la'asar

Na fito da kambas da fatar na baje a teburin kicin, ina ta juya almakashi ban san ta inda zan fara ba. Mama ta kalle ni ta ce, "Ba ni nan kafin ki yanke yatsa." Shekarunta na ƙuruciya duk a masaƙar unguwar Brunswick ta yi su tana yankan yadi. Ta ɗora takalmin a kan fatar, ta zagaye shi da alli, ta yanka a zuƙa ɗaya. Ni na kankare robar da takardar gugar Stelios, na shafa gam, muka jira ya sha iska, muka manna.

Fata ta yi saura, da yawa. Mama ta ɗaga ta ta duba. Sai ta tashi ta nufi lungun ƙofa, ta dawo da kambas ɗin shara riƙe da yatsu biyu, ɗaya hannun a hanci.

"Mama! Zai yi fushi."

"Ni na haife shi. Ya yi."

"Ai ke ba kya son rawar nan."

"Ba na so. Kiɗa kamar an saki awaki a kicin. Amma yaron nan ya ɗauke mini kafet, ƙafata tana daskarewa a gida. Abina nake so."

Ta wanke ƙasansa da ruwan zafi tana zagin uban datti, muka busar a gaban hita. Ko alli ba ta sa ba wannan karon. Ta ce ƙafar da ta saya wa takalmin makaranta shekara da shekaru ba sai ta auna ba.

Gam yana son nauyi a kansa kafin ya kama. Na kwaso 'yan littattafaina, duk jaruman da dawakansu, na jibga a kan takalma huɗu a cikin kabad. Mama ta ce yau dai sun yi amfani.

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

Ya kama. Na mayar da nasa lungun ƙofa. Ana ta ruwa. Na ga kwandon shara cike, ban tuna masa ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru, kada in ƙara masa gishiri.

Motar ta shigo layinmu da ƙugi. Ya diro daga gado yana faɗin abin da ya saba faɗi. Na bi shi, na tsaya a ƙofar ɗaki. Ya zura kambas ɗin, ya ɗaga ƙafa zai ruga, sai ya sulale a katakon hanya, santal, har bakin ƙofa, hannuwa a buɗe. Jikinsa ya tuna kafin shi: ya lanƙwasa gwiwa ya tsaya cak, bai faɗi ba.

Ya riga ya buɗe ƙofar. Ga ruwa yana zuba a kan matakala, ga kwandon a bakin shinge, ga mota gida biyu tsakani. Ƙafarsa ɗaya tana sama, a kan dokin ƙofa. Ya juyo ta ya kalli ƙasanta.

Bai sauke ta a waje ba.

Da ya so, da ya tuɓe ya fita da safa. Bai tuɓe ba. Yana tsaye motar ta zo, ta ɗaga na maƙwabta, ta wuce namu, ta sha kwana.

"Wa ya yi wannan?"

"Mama."

"Mama." Ya rufe ido. "Kun kashe mini takalmin shara."

"Yanzu dai ba ya fita. Sai ciki."

Ya dubi ƙafata. Farin kambas ɗina ne a ciki, da rigar barci a sama. Ya tura ƙofar ta rufu. Ya murza ƙafar dama a katako, a hankali, yana saurare, kamar yadda yake gwada daɓen da bai sani ba.

"Gefen hagu bai kama sosai ba," ya ce.

"Ni na manna wannan."

"Na gani."

Ya wuce ni ya shiga falo. Na ji yana jan kujera. Da na leƙa, yana durƙushe yana naɗe kafet, katakon yana fitowa kaɗan-kaɗan, launin zuma, ba abin da ya same shi. Ya jingine shi a bango ya miƙe, yana goge tafinsa a wando.

"A hankali, Tam. Ba juyi."

Ba mu kunna komai ba. Ruwan ya ishe mu. Hannunsa ya zo bayana, ya sauka a wurinsa. Muka yi ta rangaji a wuri ɗaya kamar tsofaffin da Merle ke tsokana. Ƙafata ta baje cikin takalmin, na ji katakon gaba ɗaya a ƙarƙashina. Can sai na ɗan ja baya, na ba hannunsa nauyina. Na ji ya ƙanƙame. Na jira. Sai yatsunsa suka sassauta, ya sake ni, na tafi har iyakar hannunsa.

Na dawo.

Ya makara a aiki. Mama za ta zo an jima, ban san yadda za ta hau tarago da kafet ba. Kwandon yana bakin shinge cike, zai yi ta wari har Alhamis mai zuwa.

Na gode.